Lasifikar Hagu

Malama tana da doka guda da ta fito da ita daga aji ta shigo da ita gida: ba ta maimaita magana. Shekara talatin da wani abu ta yi tana koyar da 'yan firamare, kuma duk yaron da ya bi ta hannunta ya san idan ta ce a buɗe shafi kaza, to ta faɗa ke nan; wanda hankalinsa ke kan taga sai ya tambayi na kusa da shi. 'Ya'yan cikinta ma a kan haka suka tashi. Mijinta kuwa, Injiniya, shi ma da tasa dokar. A gidan ruwa ya yi aikinsa har ya gama, cikin manyan injinan nan masu ƙara da ke tura ruwa zuwa gari, kuma a wurinsa babu wata matsala a duniya da ba waya ko kusa ko bututu ne ya jawo ta ba. A nemo wurin, a canza, a wanke hannu. Da waɗannan dokoki biyu suka yi zaman aurensu, kuma ba su taɓa yin karo ba sai bana.

A falonsu akwai wata doguwar kujera mai ruwan ƙasa da ta girmi autarsu. Kowa da gurbinsa a kanta, har katifar ta lotsa daidai jikin mai wurin. Injiniya a dama, don hannunsa ya kai ga amfilifaya, akwatin ƙara ƙarfin sauti, da na'urar faifai da ke kan kanta. Malama a hagunsa, wajen taga, inda haske ke sauka a kan littattafan yara da take dubawa a da, yanzu kuma a kan saƙarta. Gabansu lasifika biyu ne tsofaffi, ɗaya nan ɗaya can, da ya saya tun yana saurayi. Kullum bayan la'asar sai ta kawo shayi, shi kuma ya zaro faifai ya hure masa ƙura ya ɗora. Akwai wanda suka fi so, na wata mawaƙiya mai sanyin murya da jita da sarewa a bayanta. Malama takan bi waƙar a hankali, can ƙasa-ƙasa, kuma ba ta taɓa iya jiran mawaƙiyar ba. Kullum sai ta riga ta shiga baiti.

"Malama, ki jira ta mana," haka yake cewa. "Waƙarta ce."

"Ita ta cika nawa," in ji ta.

A kan wannan kujera aka yanke makarantar da kowane yaro zai shiga, a kanta aka yi shawarar auren 'ya'ya, a kanta aka yi faɗa aka shirya. In akwai abin da ke cin ɗayansu, nan yake fitowa, waƙa tana tafiya, ba wanda ke kallon wani.

To, tun bayan da aka kai Auta ɗakinta gidan ya koma na mutum biyu, sai Malama ta ga sauyi. Ta bi waƙar, ta riga mawaƙiyar har da gangan, shiru. Ta ce ƙafarta na damunta, shiru. Ta ce maƙwabciyarsu ta haihu, ya ci gaba da kallon lasifikar hagu yana yamutsa fuska. Da kurumta ce ai da ta gane: ga shi a teburin cin abinci suna fuskantar juna yana amsa mata tsaf, a waya yana hira da abokansa har da ƙyaƙyata dariya. A kujerar nan ne kawai, wurin da maganar zuciya ke fita, ya mai da ita kamar labule. Ita kuwa ba ta maimaitawa. Ta faɗa sau ɗaya, ba a amsa ba, sai ta haɗiye.

Abin da ya ƙarasa ta ya faru ne wata rana ana yayyafi. Ta daɗe tana juya maganar a ranta, sai da waƙa ta yi nisa ta ajiye saƙar a cinya, ba ta kalle shi ba ta ce, "Injiniya, yanzu yara sun watse, daga ni sai kai. Zaman nan da ni yana yi maka daɗi kuwa, ko dai sabo ne kawai?"

Injiniya ya miƙe tsam, ya taka zuwa lasifikar hagu, ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa. "Wannan abin ya mutu," in ji shi.

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta kwashe kofuna ta shige kicin, ta buɗe famfo don kada a ji ta, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun rasuwar mahaifiyarta.

Daga nan Injiniya ya shiga yaƙi da lasifika. Ya canza waya, ya goge kan wayar da takarda mai kaushi, ya kwance bayan akwatin ya leƙa da tocila. Ya ɗauke ta ya kai wa mai gyara har sau biyu. Mai gyara ya rantse lafiyarta ƙalau, Injiniya ya dawo yana cewa yaran yanzu ko fitila ba su iya gyarawa ba. Malama kuwa ta sauko da akwatinta daga kan kabad. A teburin abinci ta gaya masa za ta je gidan babbar 'yarsu ta taya ta da yara.

"Sai yaushe?" ya tambaya.

"Sai na ga hali."

Ya daɗe yana kallon cikin kofinsa, sannan ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta fi mata ciwo da shirun. Washegari da safe, ana gobe za ta tafi, sai ga shi ya fito cikin rigarsa ta zuwa taro, da faifan nan a cikin rigar filo ya rungume a ƙirji.

"Kafin ki tafi, ki raka ni in sayi lasifika."

Ta so ta ce ba ta zuwa. Amma ta ga ya ɓalla maɓallin rigar a karkace, kamar kullum in ba ta duba shi ba, sai ta matso ta gyara masa, ta ɗauko jakarta.

Shagon yana bene na biyu a wani dogon gini, tsakanin mai sayar da tabarau da wani ofishi da ke rufe. Ƙofarsa mai nauyi ce, tana rufuwa hayaniyar titi ta yanke kamar an toshe kunne. Ciki darduma ce mai laushi har ƙafa na nutsewa, ga sanyi, ga ƙamshin man goge katako. Lasifika a jere, wasu tsawon ɗan aji shida, wasu gajeru a kan ƙafafun ƙarfe, duk suna sheƙi. Kowace da 'yar takardar farashi a rataye, an kifa ta. Malama ta juyo guda ta duba, ta mai da ita yadda take a hankali, ta goge hannunta a zani.

Mai shagon ya fito yana murmushi, mutum ne matsakaici mai sanƙo, sanye da farar safar hannu kamar wanda zai ɗauki jariri. Nan take Malama ta raɗa masa suna a ranta: Mai Safa.

"Sannunku da zuwa, Baba. Sannu, Mama. Me za a ji yau?"

"Lasifika nake so ta gaske," in ji Injiniya. "Wadda ta hagu da ta dama za su yi aiki daidai wa daida. Ba wadda ɗaya za ta riƙa barci ba."

"Baba, ka zo gida. Nan ba ma sayar da lasifika sai mutum ya ji da kunnensa."

Ya kai su wani ɗaki a can ciki. Bangon duk an manna masa soso mai tudu da kwari kamar kwalin ƙwai, ba taga, ba agogo. A tsakiya kujera ce ta fata, guda ɗaya tal, an yi wa ƙafafunta alama a ƙasa da farin tef.

Injiniya ya tsaya. "Ina ta biyun?"

"Ai ɗaya ce, Baba. Sauraro na mutum ɗaya ne. Akwai wuri guda a tsakiya inda sautin hagu da na dama ke haɗuwa, in ka gusa ko da taku ɗaya ne ka rasa shi. Mama sai ta ɗan tsaya daga nan, in ka gama ita ma ta zauna."

"Bar shi, ɗana," in ji Malama. "Ni rakiya na zo." Ta jingina da bango ta riƙe jakarta da hannu biyu. A ranta ta ce, ga shi nan dai, ɗaki mai kujera ɗaya ya zo saye. Gobe in na tafi sai ya ja tasa tsakiyar falo ya huta.

Mai Safa ya karɓi faifan, ya ga rigar filo, ya yi kamar bai gani ba. Ya share shi da wani ɗan buroshi, ya ɗora, ya sauke allura kamar mai ɗiga magani a ido. Lasifikan farko baƙaƙe ne dogaye. Jita ta fara, sarewa ta biyo, sai Malama ta ji wani abu da ba ta taɓa ji ba duk shekarun nan: kafin mawaƙiyar ta shiga, ta ja numfashi. Numfashi sosai, irin na mutum, har da ɗan motsin leɓe. Ashe baiwar Allah ba nawa take yi ba, numfashi take ja.

"Tsaya," in ji Injiniya, ya ɗaga hannu. "Ta hagun nan ba ta da ƙarfi."

Murmushin Mai Safa ya ɗan rage. "Ta hagu, Baba?"

"Ita. Sarewar nan daga hagu take fitowa, na san faifaina. Yanzu kamar daga cikin rijiya ake busa ta."

Mai Safa bai yi musu ba. Ya duba waya, ya cire ya mayar, ya sake sa waƙar. Injiniya ya girgiza kai. Aka ture baƙaƙen gefe, aka jawo wasu masu ruwan zuma, gajeru, masu faɗin ƙirji. Waɗannan sun fi kwanta wa Malama. Muryar ta fito da ɗumi kamar matar tana tsaye a ɗakin. Ba ta san lokacin da ta fara bin waƙar ƙasa-ƙasa ba, sai da ta ji kanta ta yi sauri ta rufe baki.

"Ita ma haka," in ji Injiniya. "Wai ku duk lasifikar hagu daga kamfani ɗaya kuke sayowa?"

Aka kawo na uku, farare masu kama da firji. Gumi ya fara tsattsafo wa Mai Safa a sanƙo duk da sanyin ɗakin. Ya ce, "Baba, bari in musanya su, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu." Ya rungumi ɗaya yana nishi, ya ja ɗayar, ya jona. Waƙa ta tashi.

"Har yanzu hagu," in ji Injiniya cikin jin daɗin wanda ya kama ɓarawo. "Ka gani? Ba lasifika ba ce ke nan, amfilifayarka ce. Canza ta."

Aka canza amfilifaya. Aka canza waya, aka sa wata mai kaurin igiyar rijiya. Injiniya ya harɗe hannu yana ba da umarni kamar yana gidan ruwa, Malama kuwa kunya ta ishe ta, ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Ana cikin haka, waƙa na tafiya, Mai Safa ya zagayo ta hagun kujerar, ya ɗan rusuna, cikin ladabi ya ce, "Baba, ko in kawo maka ruwa ka ɗan huta?"

Injiniya bai ko motsa ba. Idonsa na kan lasifika, goshinsa a tattare.

Mai Safa ya ɗan jira. Sai ya miƙe a hankali, ya gyara safarsa da ba ta buƙatar gyara, ya dubi darduma. Malama ta ga fuskarsa. Ta san fuskar nan. Ita ce wadda take gani a madubin banɗaki duk yamma in ta kwashe kofunan shayi: fuskar wanda ya yi magana da zuciya ɗaya aka bar shi da ita a hannu. To ita ce aka gaji da ita. Shi wannan bawan Allah me ya yi?

Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ba a banza ta yi shekara talatin tana gano yaron da ba ya ganin allo da wanda ba ya son karatu ba. Ta yi wa Mai Safa alama ya bar waƙar, ta lallaɓa ta tsaya a hagun mijinta, daidai nisan da take zama a gida.

"Injiniya," ta ce da muryarta ta kujera, "na sayar da motarka."

Ko gezau.

"Na kuma ba mai gyara duk faya-fayanka kyauta."

Mai Safa ya zaro ido. Injiniya ya ci gaba da kallon gabansa. Malama ta zagaya ta bayan kujerar, ta tsaya a damansa, ta rage murya fiye da ta ɗazu.

"Maɓallinka ya sake karkacewa."

Nan take ya duba ƙirjinsa. "Ina? Ba ke kika gyara ba?"

Da za a tsaga zuciyar Malama a lokacin, da an ga dariya da kuka sun cakuɗe ba a san na ɗauka ba. Wata da watanni tana haɗiyar baƙin ciki, ta haɗa akwati, ta yi wa mutum hukunci, ashe ko ƙarar ba ta kai gare shi ba. Ta ji tausayinsa, ta ji haushin kanta, ta kuma ji wani sanyi ya sauka mata tun daga wuya har ƙafa. Sai dai ta san mijinta. In ta ce masa kunnenka ne, zai ce likitocin yanzu ma ba su iya komai ba, ya nemi shago na gaba. Injiniya ba ya karɓar magana sai ta fito daga gwaji.

"Injiniya, in tambaye ka. A wurin aikinku, in an canza famfo an canza bututu, ruwa bai zo ba, me ake yi?"

Ya kalle ta da mamaki, ya kuma ji daɗin tambayar. "Sai a duba abin da ba a taɓa ba. Ai laifi ba ya ɓuya. Duk abin da ka juya laifi ya bi shi, to shi ne."

"To an juya lasifika, an juya waya, an juya wancan akwatin. Saura kujera. Ɗana, taimaka ka juya masa ita, ya ba su baya."

"Mama, ai alamar tef ɗin..." Mai Safa ya fara, sai suka haɗa ido da Malama. Ya juya kujerar. Injiniya ya zauna yana gunaguni, fuskarsa ga ƙofa, bayansa ga lasifika. Aka mai da allura farkon waƙa.

Jita ta shiga, sarewa ta biyo. Fuskarsa ta washe. "Yauwa! Ga sarewar nan ta fito! Yanzu kuma ɗayar ce ta..." Ya ɗaga hannun hagu zai nuna, hannun ya tsaya a sama.

Malama ta ga lokacin da lissafin ya kammala a idonsa. Ya sauke hannun a hankali ya kai shi kunnensa na hagu. Ya murza yatsu biyu a bakin kunnen. Ya kai su na dama ya murza. Ya sake komawa hagu. Waƙa tana ta tafiya. Mai Safa ya ɗage allurar, ya ce bari ya duba wani abu a waje, ya ja ƙofa a hankali. Ko ba komai, mutumin yana da tarbiyya.

Kafaɗun Injiniya suka sauka. Yau ne karo na farko da Malama ta ga tsufa a jikinsa.

"Na zagi mai gyara a banza," ya ce daga bisani.

"Ka zage shi."

"Ƙarar injin na uku ce, a gidan ruwa. Kullum ta nan gefen nake tsayawa in ina duba shi." Ya yi ɗan murmushin da bai kai ido ba. Sai kuma ya ɗago da sauri kamar wanda aka tsikara. "Malama. Ke a hagu kike zama."

"A hagu nake zama."

"Waƙar fa? Kina bi?"

"Kullum."

"Ba ki daina ba?"

"Ban taɓa dainawa ba. Har riga ta nake yi da gangan, ko za ka ce in jira ta."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Da ya buɗe, idonsa ya yi ja. "Ni na zaci kin daina. Na ce lasifikar nan ta lalace, waƙar ba ta yi miki daɗi, shi ya sa kika yi shiru, shi ya sa zaman ya ishe ki. Da kika ce za ki tafi, na ce bari in yi sauri in sayo sabuwa, ko me za ta ci, wataƙila in kin ji ta..." Ya dubi rigar filon da ke kan cinyarsa yana ninke ta yana warwarewa.

Malama ta durƙusa a gefen kujerar, ta dama, duk da ƙafar da ke damunta. Ta kama gyara masa maɓallin da yake daidai.

"Me da me kika faɗa mini ban ji ba?" ya tambaya.

"Da yawa. Ƙafata na ciwo. Maƙwabciya ta haihu, yaron har ya fara zama."

"Sai me?"

"Sauran sai mun je gida."

Da Mai Safa ya dawo, da ruwa kofi biyu a faranti, Injiniya ya miƙe ya ba shi hannu. "Ɗana, ka yafe ni. Kayanka lafiyarsu ƙalau, mai sauraron ne ya samu matsala. Mun ɓata maka lokaci. Mai kunne ɗaya me zai yi da lasifika biyu?"

"Ba komai, Baba, wallahi. Ka dai je a duba, yanzu ana dacewa."

"Zai je," in ji Malama. "Gobe da safe, ni zan kai shi." Ta nuna masu ruwan zuman nan da aka ture gefe. "Waɗancan kuma ka ɗaure mana su."

Injiniya ya juyo gaba ɗaya. "Malama, kin ga takardar farashin kuwa?"

"Na gani, har na goge hannuna. Kai ne mai kunne ɗaya, ni nawa biyu ne garau, kuma yau na ji matar nan tana numfashi. Shekara nawa kana sa ni ina jin ta ta cikin akwatin sabulu? Abin da ya fito ta hagu zan riƙa gaya maka."

Mai Safa ya yi dariya har safarsa ta kusa zamewa. Ya fara bayanin yadda za a auna tsakiyar falo a sa kujera guda, Injiniya ya katse shi. "Kujerarmu ta mutum biyu ce. Ka saita su yadda za su ishe mu, in tsakiyar ta faɗa tsakaninmu, ta zauna nan."

Bayan la'asar motar shagon ta kawo kaya, aka jona aka tafi. Tsofaffin lasifikan Injiniya ya hana a fitar da su. Ya ce ba su yi laifin komai ba, aka kai su ɗakin Auta. Malama ta kawo shayi. Ta tsaya a gaban doguwar kujera ta ce, "Matsa."

Ya koma wajen taga, ta zauna a gurbinsa. Wurin ya yi mata zurfi, shi kuma nata ya yi masa kaɗan, ga haske na dukan idonsa, ga saƙarta ba ta gani sosai. Yanzu ita ce kusa da amfilifaya, ya shiga koya mata inda ake murɗawa kamar mai miƙa wa wani makullin gidan ruwa. Ta ɗora faifai da kanta, allurar ta ɗan zame, ya runtse ido bai ce komai ba.

Jita ta shiga, sarewa ta biyo.

"Kin ce saura sai mun zo gida," in ji shi.

Malama ta dubi akwatinta da ke tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Tun da take, ba ta taɓa maimaita wa kowa magana ba, ba ɗalibi ba, ba sufeto ba, ba 'ya'yanta ba. Ta ajiye kofin, ta matsa kusa da kunnensa na dama, ta faɗa masa kalma bayan kalma yadda ta faɗa ranar yayyafi: yara sun watse, daga ita sai shi, zaman nan da ita yana yi masa daɗi kuwa, ko dai sabo ne kawai?

Injiniya ya kamo hannunta ya riƙe gam.

"Wannan kika tambaya," ya ce, "na tashi na je ina ƙwanƙwasa akwati?"

"Ka ce wannan abin ya mutu."

"Innalillahi." Ya girgiza kai, dariya da hawaye suka zo masa tare. "Malama, ni ban damu da matar cikin faifan nan ba. Ko sunan mai busa sarewar na manta. Ina sa ta ne don ke ki bi."

Baiti na biyu ya matso, mawaƙiyar ta fara jan numfashinta, Malama ba ta iya jira ba, ta shige gabanta.

"Ki jira ta mana," in ji Injiniya. "Waƙarta ce."